Akwatin da Na Haɗa Ya Mai da Kawuna Maƙaryaci

Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu bibiyar shi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana nawa zan aiko ba. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, ko da yake na san mutanen garinmu da suka ga abin za su gane ko wane ne.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da shida. Na gama karatun lantarki a wata makarantar koyon sana'a a Maraɗi, na dawo gida Dakoro na buɗe ƴar rumfa kusa da kasuwa, ina gyaran salula, ina kuma kafa wa mutane panon hasken rana a gidaje da shaguna. Aiki yana tafiya, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Sai dai akwai wani ciwo a zuciyata da ban gane ciwo ba ne sai daga baya: ina son a ce babu kamata a garin. Canjin gilashin salula da liƙe bakin caji sun fara gundurata. Ina da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da kwalin ƙananan kayan lantarki da na taho da su daga Maraɗi, cikinsu har da mikrokontroler guda uku. Ga wanda bai san ta ba, wata ƴar ƙwaƙwalwar lantarki ce da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Kana rubuta mata umarni a ordinater ka ɗura mata, ita kuma ta yi ta bi ba tambaya, ko umarnin daidai ne ko karkatacce. Kullum ina neman abin da zan yi da su wanda zai sa a yi maganata.

Kawuna, yayan mahaifiyata, sofer ne tun kafin a haife ni. Shi ya tsaya mini bayan rasuwar mahaifina har na gama karatu. A lokacin yana tuƙa wata mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya ta wani ɗan kasuwa, yana kai kaya da fasinja kasuwannin ƙauye, Sabon Maci da Mai Yara da sauransu. Duk tasha an san shi da abu ɗaya: a hanyar jan ƙasa ba ya wuce sittin, ko wa ke gaggawa. Matasan soferori suna yi masa ba'a a kan haka, shi kuma sai ya yi murmushi kawai. Mata masu kai kaya kasuwa kuwa sun fi son su jira motarsa ko da wata ta riga ta cika.

Wata rana mai motar ya sa aka canja mata tayu, aka sa manya don ta riƙa ratsa rairayi da sauƙi. Bayan kwana biyu Kawu ya zo gaida mahaifiyata, ina nan ina shan fura. Cikin hira ya ce tunda aka sa tayun nan ransa bai kwanta ba. Wani mekanisiye ya gaya masa cewa babbar taya ba ta juyawa sau da yawa kamar ƙarama a tafiya ɗaya, don haka allurar kontar, wato agogon da ke nuna gudun mota, za ta riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya. Ya ce shi mutum ne da ya saba duba allura, ba ya son abin da zai riƙa yi masa ƙarya a gabansa. Ban bari ya rufe baki ba na ce zan gyara.

Abin ba shi da wuyar fahimta. A jikin akwatin bitesi, wato giyar mota, akwai wata ƴar na'ura da ke aika bugun lantarki duk lokacin da ƙarfen ciki ya juya, kontar kuma tana ƙirga bugun ta motsa allura. Ni abin da zan yi shi ne in sa nawa akwatin a tsakaninsu, ya karɓi bugun, ya ƙara abin da ya ragu saboda girman taya, sannan ya miƙa wa allura. Na ɗauki igiya na auna kewayen tsohuwar taya da na sabuwa. Na yi kwana huɗu a rumfa ina liƙe wayoyi da dalma, ina rubuta umarni, har na ƙi karɓar wasu ayyukan. Na saka komai cikin wani ɗan kwalin roba baƙi, na yi masa kyau sosai. A cikin umarnin akwai layi guda inda za a raba awon sabuwar taya da na tsohuwa. Ni kuwa na juya su, na raba na tsohuwa da na sabuwa. Maimakon akwatin ya cike giɓin, sai ya ninka shi. Idan allura ta nuna sittin, motar ta kusa saba'in da biyar.

Ranar da na ɗaura shi a tasha, soferori sun taru suna kallo, wasu suna cewa ashe Dakoro ma ta yi injiniya. Muka fita gwaji ni da Kawu zuwa bayan gari, wasu biyu suka hau baya. Na buɗe wata manhaja a salulata da ke nuna gudun tafiya. Da Kawu ya kai allura arba'in, na duba salula na ga ta kusa hamsin. Amma a take na ce wa raina ai rezon sadarwa ne ba shi da ƙarfi a wajen gari, salular ce ke ruɗewa. Na tuna mutanen da ke jiranmu a tasha, na tuna yabon da aka fara yi mini. Kawu ya tambaye ni yaya, na tura salula aljihu na ce daidai. Na ƙudurta a raina zan sake dubawa cikin satin ni kaɗai, in da gyara in gyara ba wanda ya sani.

Kwana biyar bayan haka ya zo rumfata da kansa. Ya zauna kan benci, ya jira na sallami masu jira, sannan ya yi magana a hankali kamar mai jin kunya. Ya ce jikinsa yana gaya masa motar ta fi abin da allura ke nunawa gudu. Yadda take tsalle a gargada, da yadda iska ke kuka a gefen gilashi, duk ba na sittin ba ne. Wannan ita ce damar da Allah ya ba ni ta biyu, na kuma watsar. Na hau yi masa bayani da kalmomin faransanci da na san bai iya ba. Na ce na'ura ba ta kuskure, lissafi ne. Na ce shekara talatin ya yi yana tuƙi da ƙananan tayu, dole jikinsa ya ruɗe shi da manya, ya daina sauraren jiki ya bi allura. Sai ya ce, “To, ɗana, ku kuka yi karatu. Na bi allura.” Ya tashi ya tafi. Washegari aka kira ni kafa pano a wani ƙauye, daga nan wani aikin ya biyo, na yi ta cewa gobe.

Ranar kasuwar Sabon Maci abin ya faru, da rana tsaka, suna kan hanyar dawowa. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ci gefen hanya ya tara rairayi a wata kwana. Shanu suka ɓullo suna tsallakawa, Kawu ya taka birki, motar ta zame ta kwanta a gefe ɗaya. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Mutane da dama sun ƙuje, Kawu ya goce a kafaɗa. Wadda ta fi jin jiki wata dattijuwa ce daga wani ƙauye ta wajen Roumbou, mai sayar da cuku, wadda buhunan kaya suka danne wa ƙafa ta karye wuri biyu. Sai da aka wuce da ita asibitin Maraɗi.

Jandarma suka zo suka auna sawun tayu, suka ce wannan ba sawun sittin ba ne. Fasinjoji ma suka ce su kansu sun yi mamaki, kwanakin nan tsohon ya ƙara gudu. Kawu kuwa ya tsaya a kan maganarsa: idonsa yana kan allura, ba ta wuce sittin ba. Ni da na ji labari na ruga asibiti na gan shi, daga can ban zarce gida ba sai garejin da aka ja motar. Mekanisiyoyi suna cin abinci a inuwa, na ce na zo ɗaukar kayana. Na kwance akwatin, na mai da wayoyin yadda suke tun farko, na ce musu ya fashe a hatsarin. Ko tsaga babu a jikinsa. Da na koma rumfa na buɗe ordinater, ban yi minti goma ba na ga layin. Lambobi biyu ne kawai suka sauya wuri. Na rufe ƙofar rumfa na zauna ƙasa.

Da Kawu ya ɗan ji sauƙi aka yi zama a gidan mai motar, da shi da manyan sandika, wato ƙungiyar soferori. Ni na raka shi saboda kafaɗar. Aka yi ta magana, ana lallashinsa ya amsa cewa ya ɗan taka, ƙaddara ce kowa na iya gamuwa da ita. Ya ƙi. Ya rantse da Allah a gabansu cewa sittin ya gani. Sai wani dattijo cikin soferorin ya tambaya ko dai wannan akwatin na yaron ne ya yi ƙarya. Kafin in buɗe baki Kawu ya tare. Ya ce kada a sa ɗansa cikin wannan magana, a gabansa na gwada da salula kuma ya yi daidai. Duk suka juyo suna kallona. Na gyaɗa kai. Har yau in na tuna wannan gyaɗa kan sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Mai motar ya ce da hatsarin ne kaɗai da ya haƙura, amma ba zai iya aiki da dattijon da ke rantsuwa kan ƙarya ba. Ya karɓi makullinsa.

Daga nan Kawu ya daina zuwa tasha. Ya koma ƴar gonarsa ta hatsi da wake a bayan gari, in ya dawo ya zauna ƙofar gida. A gari magana ta rabu biyu, wasu suna cewa tsufa ya sa shi ƙarya, wasu suna cewa idon ne ya tafi yana ɓoyewa. Ni kuma na zama ɗan kirki a idon kowa. Ina kai masa cefane, ina gyara masa ƴan abubuwan gida, mahaifiyata tana sa mini albarka. Kowace albarka ta sa mini sai in ji ta kamar garwashi. Na sha shirya maganar a bakina, in na isa na gan shi sai in yi hirar damina in tashi. Ina gaya wa kaina cewa faɗar ba za ta ɗora ƙafar matar nan ba, ba za ta tada motar ba, sai dai ta rushe ni a banza.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, Kawu ya fara yarda da masu zarginsa. Da rani ya ce in raka shi Maraɗi a duba masa ido. Likita ya gwada shi sosai, ya ce idonsa ya fi na sa'o'insa da yawa, tabarau na karatu kawai yake buƙata. Na yi zaton zai yi murna. A mota muna dawowa yana kallon waje, ba tare da ya juyo ba ya ce, “In ido lafiya shike, to kai ne ya taɓu ke nan.” Na ce haba Kawu, ya daina irin wannan magana. Abin da na iya faɗa ke nan, alhali amsar tana bakina.

Bayan wannan tafiya ya ƙara canjawa. Matarsa ta gaya wa mahaifiyata cewa yana idar da salla ya tambaye ta ko raka'a nawa ta ga ya yi. In ya rufe rumbu sai ya koma sau uku ya duba. Abin da ya karya ni shi ne rigimar iyakar gona da ta taso tsakanin maƙwabtansa biyu. Kowa ya san babu wanda ya san iyakar nan kamarsa, don yana nan aka dasa itatuwan da suka raba gonakin. Mai unguwa ya aiko a kira shi shaida, ya ƙi zuwa. Ya aika cewa a nemi wani, shi yanzu bai yarda da abin da idonsa ya gani ba, kada ya ci haƙƙin bawan Allah. Mahaifiyata tana ba ni labarin tana share hawaye da bakin zane. Ta ce yayanta da ko a ƙuruciya ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yau shi ke gudun shaida. Shekara guda da wata biyu ke nan da hatsarin.

Washegari bayan la'asar na ɗauki akwatin na same shi a gona yana gyara shinge. Na durƙusa na ajiye shi a gabansa. Na gaya masa komai, tun daga layin da na juya har zuwa ƙaryar da na yi a gareji. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki akwatin ya juya shi a hannu, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

“Ranar da na zo rumfarka na ce maka jikina na jin gudu, ka sani?”

Na ce ban tabbatar ba, amma na ga salula ta nuna daban tun ranar gwaji.

Ya ajiye akwatin a ƙasa a hankali. Ya koma ya ci gaba da ɗaure shingensa kamar ba ni a wurin. Na fi rabin awa a durƙushe. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, “Kuskuren lissafi ban riƙe ka da shi ba. Amma kai ka raka ni Maraɗi. Kana zaune kusa da ni.” Da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu da ya fi mini sauƙi. Daga baya ya ce akwai wurare uku da zan je in maimaita abin da na gaya masa: wurin mai mota, wurin soferori, da wurin matar da ta karye. Ya ce ni kaɗai zan je.

Na je. Mai motar ya saurare ni, fuskarsa ta canja, ya ce in fita. A ranar ya tafi gidan Kawu da mutum biyu ya ba shi haƙuri, har ya ce akwai wata mota in yana so. Kawu ya yi godiya ya ce ya gama tuƙi. A tasha na sha zagi, kuma na cancanta. Wasu da suka fi kowa yi wa Kawu dariya su suka fi kowa zafi a kaina. Wata da watanni rumfata ta yi sanyi, ban ga laifin kowa ba.

Zuwa wurin dattijuwar ya fi mini wuya. Na same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, sanda a gefe. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, ba ta iya zuwa kasuwa, surukarta ce ke kai cukun yanzu. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin akwati da allura, na ga ba ta bi ba, sai na ce mata kawai: Inna, tsohon bai yi ƙarya ba, ni na lalata agogon motar kuma na ɓoye. Ta ce tun da ta kwanta a asibiti babu wanda ya zo gaishe ta da ba ta gaya masa cewa sofer ya yi gudu kuma ya rantse kan ƙarya ba. Sannan ta ce, “Ƙafa kam na yafe maka, yaro, Allah ya rubuta. Amma ka sa na ɗauki alhakin mutum da bakina shekara guda. Wannan ba ni ke yafe shi ba.” Ta sa aka ɗauro cuku a leda ta ce in kai masa, in roƙa mata gafara. Ban san yadda na iso gida ba don kuka.

Yau shekara uku ke nan. Ina nan ina aikina, har na fi da iyawa. Abin da nake so in gaya wa ƴan'uwana masu irin sana'ata, musamman waɗanda suka fara haɗa na'urori da kansu suna jin daɗin abin ya kama, shi ne duk abin da rayukan mutane suka rataya a kansa, birki ne ko allurar gudu ko wayar wutar gida, ba wurin neman suna ba ne. Ku gwada, ku sake gwadawa, ku kira wani ya duba bayanku. In awo biyu suka saɓa, kada ku zaɓi wanda ya yi muku daɗi. In wanda ya daɗe a kan aiki ya ce muku jikinsa bai yarda ba, ku tsaya ku saurara, karatunku bai goge shekarunsa ba. Mafi girma kuma, in kun gano kun yi kuskure ku faɗa a ranar. Ni da na faɗa a zaman nan na gidan mai mota, da kunyar yini ɗaya zan ji. Shirun da na yi ya ci wa dattijo aikinsa da mutuncinsa, ya kusa cin hankalinsa, kuma kowace safiya ni nake sake zaɓar in yi shirun.

Kawu ya ce ya yafe mini, a gaban mahaifiyata ya faɗa, kuma na san ba ya faɗin abin da ba shi ne a ransa ba. Ya koma zuwa shaida in an kira shi. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska, har ya tambayi iyalina. Amma watan da ya wuce rediyonsa ta daina magana. Ina zaune a rumfa na hango shi tafe da ita a hammata. Na miƙe tsaye ina gyara masa benci. Ya ɗaga mini hannu, ya yi mini sannu da aiki, ya wuce zuwa rumfar wani a can ƙarshen layi. Na koma na zauna. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ni cikin addu'a.